HAUSHIN KARE, HAUSHIN MAƘWABCI



Kalmar "haushi" fuska biyu gare ta a bakin Bahaushe. Akwai haushin da kare ke yi da baki, akwai kuma haushin da mutum ke ji a zuciya. A unguwannin biranenmu, daga Yamai zuwa Damagaram, na farkon ya soma haifar da na biyun, har ta kai maƙwabtan da suka shekara da shekaru suna musayar tuwon salla sun daina gaisawa. Abin mamaki kuwa, sau da yawa ba ƙaton karen gadi ke haddasa fitinar ba. Ƴan ƙananan karnukan nan ne na ado, masu gashi kamar auduga, waɗanda Faransawa ke kira caniche da bichon, da ɗan mitsitsin nan shiwawa mai sunan wata jiha ta ƙasar Mekziko, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba. A da sai a gidajen Turawa ake ganin irinsu. Yau ma'aikaci na da nasa, ɗan kasuwan da ke safarar Kwatano da Lome shi ma ya sayo wa yara nasu.

Lokacin ɗari, da kowa ke rufe ɗaki, abin da sauƙi. Amma bari bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, unguwa duka ta fito da tabarmi tsakar gida: a nan ne ɗan karen da bai kai girman zakara ba ke hana gida goma barci. Mai jego ta samu jariri ya lumshe ido, sai a tashe shi. Ɗan lakwal mai shirin jarrabawa ya kwana ido biyu. Tsoho mai hawan jini ya wayi gari da ciwon kai. Ma'aikaci ya isa biro yana gyangyaɗi bisa takardu.

Abin da nake son mu fahimta a yau shi ne, haushin da ya wuce kima ba iskanci ba ne na dabba. Saƙo ne kare ke aikawa, kuma mafi yawan lokaci mutanen gidan ne suka koya masa yawaita shi ba tare da sun sani ba. Saboda haka maganin yana hannun mai kare, kuma ba sanda ba ce.

Abin da muka tarar

Kare ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Makiyayi na da nasa, manomi na da nasa, ƴan farauta na da nasu, kuma karen Azawak, dogon nan siriri na Buzaye, ya yi suna har Turai tun da aka fara kai shi can a shekarun 1970. Amma dukansu karnukan aiki ne. Suna wuni a fili, suna gudu, suna gajiya, ba sa buɗe baki sai da dalili. Sabon abu shi ne karen da aka aje cikin katanga huɗu, ba garke, ba gona, ba daji.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a kan wannan tun da daɗewa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 996, ya san an yi rangwamen aje kare don gona, da kiyo, da farauta, an kuma hana aje shi a gida haka kawai. Masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa malamin ya aje kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, kuma daga nan wasu suka fitar da halaccin karen gadi in akwai bukata. Hukuncin karen ado na bar wa malamai, su ne masu filin. Amma akwai abu biyu da ba a yi saɓani a kansu ba. Na ɗaya, dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta da lafiyarta sun rataya a wuyanka. An ruwaito labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na wadda aka yi wa azaba saboda ta tsare mage har ta mutu. Na biyu, cutar da maƙwabci haramun ne, ko da hannunka ka yi, ko da bakin dabbarka. Wanda ya riga ya shigo da kare gida, to waɗannan haƙƙoƙi biyu sun hau kansa. Wanda ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza

Kerkecin Turai, wanda shi ne dangin kare na daji, ba ya yawan haushi. Zama da ɗan Adam na dubban shekaru ne ya mai da haushi harshen kare, domin mutane sun yi ta zaɓen karnukan da ke sanar da su zuwan baƙo. A shekara ta 2005 masu bincike na jami'ar Budafes a ƙasar Hungari suka ɗauki muryoyin karnuka a yanayi daban-daban, suka sa mutane su saurara. Sai aka tarar har waɗanda ba su taɓa aje kare ba suna iya rarrabe haushin faɗa da na tsoro da na wasa. Ashe haushi iri-iri ne, kuma kowane iri da maganinsa. A gidajenmu iri biyar aka fi gani.

Na farko, haushin bakin ƙofa. Kunnen mutum yana tsayawa ga sautin da ke kaɗawa sau 20.000 a daƙiƙa, na kare kuwa ya ninka wannan fiye da sau biyu, saboda haka yana jin abin da ba mu ji. Ga titin unguwa ba ya rabo da motsi: ɗan garuwa, ƴar talla, almajiri da ƙoƙonsa, ɗan kabu-kabu, mai karanta kwantar ruwa da ta wuta. Ku duba yadda abin yake a idon kare. Mutum ya tsaya bakin ƙofa, ya yi masa haushi, mutumin ya wuce. Da ma can wucewa zai yi, amma kare ya ɗauka shi ya kore shi. In hakan ya faru sau talatin a wuni, to ya ci nasara sau talatin, kuma ba mai barin sana'ar da ke ci.

Na biyu, haushin tsoro. Dabbar da tsawonta bai kai gwiwar yaro ba, komi a duniya ya fi ta girma. Za ka gan shi yana haushi yana ja da baya, wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance. Masana sun nuna cewa makonni 3 zuwa 12 na farkon rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake sabawa da duniya cikin sauƙi. Wanda ya yi waɗannan makonni cikin kejin mai sayarwa, bai ga raƙumi ba, bai ga mai rawani ba, bai ji ƙarar moto ba, zai girma yana ɗaukar kowannensu dodo.

Na uku, haushin roƙo. Ana cin abinci, ya yi haushi, yaro ya jefa masa nama. Uwargida na hira a salula, ya yi haushi, ta ɗauke shi ta aza bisa cinya don ya yi shiru. Ya koyi darasi: haushi ne kuɗɗin da ake sayen komi da shi a gidan nan.

Na huɗu, haushin zaman banza. Kakannin caniche karnukan farautar agwagin ruwa ne, ƙwaƙwalwarsa na son aiki. In aka ɗaure shi gindin bedi tun safe har dare, ba abin yi, to haushi ne kaɗai sana'ar da ta rage masa. Shi ne haushin nan mai murya ɗaya, kamar dakan turmi, wanda ba ya da farko ba ya da ƙarshe.

Na biyar, haushin kaɗaici. Maigida da uwargida duka ma'aikata ne, yara na lakwal, gida ya zama kango tun safe har la'asar. Wasu karnuka na firgita in an bar su su kaɗai: haushi, kuka, tonon gindin ƙofa, fitsari a ɗaki. Mai kare ba ya jin ko ɗaya, domin da ya dawo komi ya lafa. In maƙwabci ya kawo kuka sai ya ce sharri ne.

Laifin ƙanƙanta ne, ko na mai kiyo?

Ana yawan cewa ƙaramin kare haka Allah ya yi shi, bakinsa ba ya mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wasu irin an daɗe ana zaɓensu don faɗakarwa. Amma a shekara ta 2010 masu bincike na jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, suka tattara amsoshin masu karnuka 1.276, suka kwatanta ƙanana da manya. Sun tarar lalle ƙananan sun fi rashin jin magana, sun fi saurin hasala da tsoro. Sai dai sun kuma tarar masu ƙananan ba su cika tsayawa bisa doka ɗaya ba, ba su cika fita da su ko koya musu wani abu ba, kuma yawan horo da tsawa ko duka na tafiya tare da ƙarin tsoro da faɗa.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙaton kare in ya yi wa baƙo gurnani, ranar za a ɗauki mataki. Ƙarami in ya yi, sai a yi dariya, a ɗauke shi ana shafa masa kai. An ɗauke shi abin wasan yara, an manta kare ne cikakke, mai bukatar tarbiyya kamar kowane kare.

Yadda ake gyara

Matakin farko bincike ne. Ɗan kasuwa ba ya gane inda riba ke zurarewa sai ya buɗe littafi. Ka samu takarda, ka yi mako guda kana rubuta abu uku: ƙarfe nawa ya yi haushi, me ya gani ko ya ji, kuma me ya faru har ya yi shiru. Lokacin da ba ka nan, ka bar salula tana ɗaukar murya, ko ka tambayi maƙwabci. Wannan tambayar kaɗai na iya kashe rabin fushinsa. Kafin mako ya cika za ka san wane iri kake fama da shi cikin biyar ɗin nan.

Na biyu, a raba shi da abin da ke tsokanarsa. Yawancin ƙofofinmu na ƙarfe suna da rata a ƙasa, nan kare ke kwanciya yana ƙidayar ƙafafun masu wucewa. A toshe ratar da guntun kwano ko katako. A mai da wurin zamansa can ƙuryar gida, nesa da titi da katangar maƙwabci. Da dare ya kwana a rufaffen wuri mai iska, kada a bar shi tsakar gida yana amsa wa karnukan unguwa. Wannan kaɗai yakan rage haushi ƙwarai tun ranar farko.

Na uku, a daina sayen shiru. In haushin roƙo ne, kada a dube shi, kada a yi masa magana, kada a taɓa shi, har sai ya rufe baki. Da ya yi shiru sai a waiwaye shi. Amma ku san abu guda: kwanakin farko abin ƙaruwa zai yi kafin ya ragu, kamar mai bugun ƙofar da aka saba buɗe masa. A nan mutane da yawa ke karaya, su ba shi abin da yake so, su ɓata aikin gaba ɗaya. Masanin halayya ɗan Amurka B. F. Skinner ya nuna da ɓeraye da tantabaru cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wuyar kankarewa bisa wadda ake saka wa kullum. Ƴan kasuwa sun san wannan ba sai an kai su jami'a ba: mai neman bashin da ka hana sau tara ka ba shi a na goma, ba ka koya masa haƙuri ba, ka koya masa ya zo sau goma. Don haka dole gida duka ya zama baki ɗaya, daga maigida har mai gadi, har ƴar aiki, har autan gida. Mutum ɗaya mai taushin zuciya ya isa ya rushe aikin wata guda.

Na huɗu, a koya masa kalmar "shiru". In ya ji motsi ya yi haushi biyu ko uku, ka bar shi, aikinsa ya yi. Sai ka matso cikin natsuwa, ka kai ɗan guntun nama kusa da hancinsa. Kare ba ya iya shinshina da haushi lokaci guda. Da bakin ya rufe, ka ce "shiru" da murya ƙasa-ƙasa, ka ba shi nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin in ka jinkirta ba zai san ladar mene ne ba. Guntun kada ya wuce ƙwayar wake, kuma ba mai yaji ko albasa ba. Bayan kwanaki sai ka riƙa faɗin kalmar tukuna, ka jira daƙiƙa 2, gobe 5, jibi 10, kafin ka ba shi. Minti 5 sau biyu ko uku a wuni ya fi awa guda ranar Lahadi. In ya ƙware, sai a riƙa rage naman, yabo da shafa su maye gurbinsa.

Na biyar, a yi gwajin baƙo. Ka sa yaro ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, kai kuma ka kai kare bisa tabarmarsa, ya zauna, ka saka masa. A maimaita har ya gane cewa bugun ƙofa na nufin "tafi tabarma". In matsoraci ne, a fara daga nesa: baƙo ya tsaya inda kare ke ganinsa amma bai kai ga firgita ba, ana ba shi abin daɗi, kullum ana rage tazara kaɗan. Kada a ɗauke shi a tura shi jikin abin da yake tsoro wai don ya saba, wannan cizo yake jawowa. Ga mai kwikwiyo kuwa, yanzu ne lokacinka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar ya samu alluransa na farko, a nuna masa mutane iri-iri, da dabbobi, da motoci, cikin lalama.

Na shida, a gajiyar da shi. Karen da ya gaji barci yake yi. Tafiyar minti 20 zuwa 30 da sassafe, da wata bayan rana ta yi sanyi, da igiya a wuya. Kada a fita da shi da tsakar rana: ka aza bayan hannunka bisa kwalta ko rairayi, in kai ba ka iya jurewa, tafin ƙafarsa ma ba ya iyawa. A gida a watsa masa abincinsa cikin tsabtataccen wuri ya yi ta nema da hanci, a ba shi abin tauna mai ƙarfi, amma ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Inuwa da ruwan sha kada su yanke. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fidda zafi, kuma masu gajeren hanci irin su pékinois zafinmu na iya kashe su cikin ɗan lokaci. Haushi da yawa na tsakar rana kiran ruwa ne kawai.

Na bakwai, mai tsoron kaɗaici a saba masa sannu a hankali. Ka fita minti ɗaya ka dawo, sannan biyar, sannan goma, ba bankwana mai tsawo, ba murna mai yawa in ka dawo. A bar masa abin tauna da rediyo ƙasa-ƙasa. In kuwa tsarin aikinku bai bari wani ya zauna gida ba, kuma ba mai leƙo shi, to a faɗi gaskiya: gidanku ba na kare ba ne, a nema masa inda ake wuni.

Duk wannan ba aikin kwana uku ba ne. Ɗabi'ar da ta shekara tana ginuwa na bukatar makonni, wani lokaci watanni. Kuma manufar ba a mai da shi bebe ba ce. Kare ya sanar, a ce masa ya isa, ya yi shiru, shi ke nan.

Abubuwan da ke ƙara dagula lamari

Tsawa ita ce ta farko. In kana daka masa ihu, a kunnensa kai ma haushi kake yi, ya samu abokin aiki. Duka da jifa da takalmi na iya rufe bakinsa na minti biyar, amma suna ƙara tsoron da shi ne tushen haushin, kuma karen da aka hana gargaɗi da baki wata rana zai yi cizo ba gargaɗi. Ɗaure baki da ƙyalle ko roba a ƙasa mai zafi irin tamu kisa ne, tun da ta bakin yake shan iska. Ƙwayoyin barci na mutane da ake saye wurin masu tallar magani bisa titi, abin da zai sa babban mutum gyangyaɗi na iya aika dabba mai kilo 4 barcin da ba tashi.

Akwai kuma abin wuyan nan mai jan lantarki da ake talla a intanet. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta shi tun 2010, wasu ƙasashen Turai ma sun hana. Haka aikin yanke wa kare jijiyar murya: yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1987 kan kare haƙƙin dabbobin gida ta hana shi, sai in don magani. Dalili ɗaya ne, an kashe ƙarar amma an bar ciwon. Kada mu zama kasuwar abin da masu shi suka yar.

Haushin da ke bukatar likita

In karen da aka sani da natsuwa ya soma haushi ba dalili, a fara duba jikinsa. Kaska da ƙuma, ciwon kunne, ruɓewar haƙori wadda ta yi yawa ga ƙananan karnuka, da tsutsar nan da ƙuda ke sa wa cikin fatar dabbar da ke kwana bisa ƙasa mai laima, duk suna hana shi sukuni. Tsohon kare kuma yakan rikice da dare kamar yadda tsufa ke rikita mutum. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ko na ma'aikatar kiyo mafi kusa.

Amma akwai alamar da ba a jira da ita. In muryar kare ta sauya ta dushe, halinsa ya juye, yana dalalar da miyau, yana cizon abin da ya samu, ko muƙamuƙinsa ya saki, to a tsare shi, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai neman ƙashin da ya maƙale, a kira ma'aikatan kiyo. Ciwon haukan kare ke nan ake tsoro. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, kusan ba mai tashi. Alhali rigakafinsa na nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci yaron nan Joseph Meister a birnin Paris. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi tsagar reza ba. Haƙorin ƙaramin kare na ɗauke da cutar daidai da na babba. Mai kare kuma ya yi masa allura tun yana wata 3, ya riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, ya adana takardar. Ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗan maƙwabci, takardar nan ce za ta kwantar da hankalin gida biyu.

Tsakanin katanga da katanga

Ga mai kare: in maƙwabcinka ya zo da kuka, kada ka ce gidanka ne kana da iko. Ikonka ya tsaya ga katanga, ƙarar kuwa tsallakewa take yi. Dokar Code civil da muka gada, a aya ta 1385, ta aza wa mai dabba alhakin ɓarnar da dabbarsa ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Tun kafin doka ma, al'ada ta ce maƙwabci shi ke fara zuwa ranar gobara. Ka ba shi haƙuri, ka gaya masa matakin da ka ɗauka, ka roƙi wata guda, ka kuma cika alkawari.

Ga maƙwabci: ka fara da sallama, da rana, lokacin da zuciya ta huce, ba ƙarfe 2 na dare ta bisa katanga ba. Mai yiwuwa mutumin bai ma san abin da ke faruwa bayan fitarsa ba. In bai ji ba, akwai limamin unguwa, akwai mai unguwa, kafin a kai ga kwamisariya. Ka kuma ja kunnen yaranka, domin sau da yawa su ne ke dukan ƙofa da icce suna jifa don su ji kare ya haukace, sannan uba ya zo yana ƙara.

Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne jefa nama mai guba. Haushin kaza huce kan dami ke nan: mai laifi na kwance lafiya, dabbar da ba ta san komi ba ta mutu cikin azaba. Guba kuma ba ta karanta suna. Yaro mai rarrafe na iya riga kare kai wa ga naman. In an yar da mushen a juji, angulu ta ci ta mutu, alhali tun 2015 aka sa angulun nan tamu ta mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma guba na cikin abubuwan da suka jawo haka. Bayan wannan duka, gabar da za ta shiga tsakanin gida biyu sai ta fi shekarun karen tsawo.

A ƙarshe, ga wanda yara ke damu ya sayo musu irin na gidan wane: kafin ka fidda jikkunanka, ka tambayi kanka wa zai fita da shi kullum da asuba, wa zai wuni da shi, wa zai biya allura, har shekara 12 ko 15, domin ƙananan karnuka na da tsawon rai. In ba ka da amsa, ka sayo musu tantabaru.

Allah ya ba mu haƙurin zama da juna. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.